Rabin Kalma a Bakin Potomac

Ranar wata Asabar ce ta watan Mayun 1984. Sufeto Maitama ya buɗe kwanon abincinsa ke nan a ofishin 'yan sandan gunduma, sai wayar teburinsa ta yi ƙara. Kofur Alexander ne, daga bakin kogin Potomac, wajen Fort Washington.

"An fasa wa wani dattijo kai, an kuma sace kifi," in ji Alexander da Turanci. "Mutanenka ne. Kowa yana magana, amma ba wanda ya faɗa mini komai. Ka zo."

"Kifi?"

"Kifi ɗaya. Sun ce babba ne."

Maitama ya mayar da murfin kwanon ya ja tsaki. A wajen hukuma shi jami'in bincike ne kawai, amma tun da 'yan gida suka ji akwai Bakano a cikin 'yan sandan Amurka suka laƙaba masa Sufeto, sunan ya bi shi har ofis. Kuma ba abin da yake gundurarsa kamar rikicin 'yan gida. Za su gaishe ka har ƙasa, su tambayi lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan su shirga maka ƙarya da fara'arsu.

Ya isa ya tarar da taro a tsaitsaye. Ƙungiyar 'yan Arewa mazauna yankin ce, Musulmi da Kirista, take gasar kamun kaf da ta saba yi kowace shekara. Kaf wani ƙaton kifi ne mai manyan ɓawo da ɗan gashin baki. Amurkawa sun raina shi, ba sa ci. Mutanenmu kuwa da suka gan shi jibge a kogi ba mai so, sai suka yi masa gasa har da kofi.

Alexander ya kai shi rumfar awo. Ga sikeli rataye a jikin ƙarfe, ga tebur mai bakin ƙarfe da jini a kusurwarsa, ga kula a buɗe. Kofin gasar yana nan kan tebur yana ƙyalli, ba wanda ya taɓa shi.

"Motar asibiti ta tafi da dattijon, bai san inda kansa yake ba," in ji Alexander. "Amma kafin ya suma ya kira suna. Mai sunan yana cikin motata da ankwa."

Wadda ta ji sunan ita ce Pauline, nas kuma sakatariyar ƙungiya. Idanunta sun yi jawur.

"Sannu, Sista. Faɗa mini daga farko."

"Ranka ya daɗe, Malam Auwalu, wanda aka fasa wa kan, shi ne alƙalin awonmu tun da aka fara gasar. Dokarsa ba ta canzawa. A kawo kifi da rai. A jiƙa buhu, a rataye shi shi kaɗai, a mayar da allura kan sifili, sannan a sa kifi. Shaidu biyu su leƙa, shi ya faɗi nauyi."

"Yau me ya faru?"

"Na Dalyop ya yi laba ashirin da biyu. Na Injiniya Dung ya yi ashirin da huɗu. Sai Dalyop ya ce nasa ya fi tsawo, ya ce sikelin Baba ya lalace. A gaban mutane fa."

"Malam ya ce me?"

"Ransa ya ɓaci. Ya ce to, ba za a ba da kofi ba sai an sake awo bayan an ci abinci, kuma za a tsaga cikin kifayen biyu kowa ya gani. Muka tafi can rumfar abinci. Shi ya ce ba zai bar kifin da ake gardama a kansa ba. Da na kai masa abincinsa na same shi a ƙasa."

"Me ya ce miki? Yadda ya faɗa nake so, ba yadda kika fahimta ba."

"Ya ce, 'Dal... dal...' Sai ya yi shiru."

"Ya ƙarasa sunan?"

"Ranka ya daɗe, wane Dal ne kuma a nan in ba Dalyop ba?"

Maitama ya leƙa cikin kular. Kifi ɗaya ne kwance a kan ƙanƙara, dogo, na Dalyop. Na Injiniya Dung ne babu.

Ya buɗe ƙofar motar sintiri ya zauna kusa da wanda aka kama. Dalyop siririn mutum ne ɗan Jos, ɗalibin haɗa magunguna, saura simesta ɗaya ya gama.

"Yallaɓai, in aka kai ni kotu bizata ta tafi. Za su mayar da ni gida hannu biyu. Babana gonarsa ya sayar na zo."

"To ka taimaki kanka. Ina kake lokacin da ake cin abinci?"

"Ina bakin ruwa, wajen sandunana. Ban motsa ba."

"Mutum uku sun je kiranka abinci ba su gan ka ba."

Dalyop ya sunkuyar da kai.

Maitama ya ji kansa ya ɗau zafi. Ga mutum ruwa ya kai masa wuya, ka miƙa masa hannu, shi kuma yana lissafin wace ƙarya ce za ta fi zama daidai.

"Ka ga, ɗan'uwa, ni ban ci abincin rana ba, kuma ba ni da haƙuri yau. Ko ka faɗa mini, ko in fita in bar ka da Alexander ya wuce da kai caji ofis."

"Waya na je yi," Dalyop ya faɗa da ƙyar. "A bakin get. Ina aiki a wani gidan mai da weekend, bizata kuma ba ta yarda ba. Na kira oga ne in ce zan makara shift."

"Ni ba jami'in shige da fice ba ne. Wa ya gan ka a wajen wayar?"

"Ba kowa."

"Madalla. Me ya sa ka ci mutuncin dattijo a gaban jama'a?"

"Baki ne ya kuɓuce mini, yallaɓai. Da sikeli nake, ba da Yaya Dung ba. Ai a gidansa nake zaune a Takoma Park, shi ya ɗauko ni daga filin jirgi. Na ɗauka sikelin ne ya tsufa."

Maitama ya sa aka kawo sandar kamun kifinsa. A ƙarshen igiyar akwai ƙugiya tsirara, ƙwayoyin masara kuma suna reto a jikin wani siririn zare da ke ƙarƙashinta.

"Wannan wane irin ɗauri ne? Ƙugiya ba abinci a jikinta?"

Duk da tashin hankalin, sai da idon Dalyop ya ɗan yi haske. "Sabon ɗauri ne daga Ingila, a mujalla na gani. Kaf yana da wayo, in ya ji ƙarfe a cikin masara sai ya tofar. A nan kuwa masara kaɗai yake ji, ya zuƙe, ƙugiya ta biyo baya ta kama leɓensa. Da shi na yi ta kamawa tun safe. Yaya Dung ya ce wasan yara ne."

"Wannan fa?" Maitama ya taɓa wani ɗan ƙarfe mai faɗi da ke sama da ƙugiyar.

"Sinka ne, shi ke nutsar da igiya. Nawa mai faɗi ne. Su Yaya suna sa mai kama da ƙwai, mai huji, igiya ta bi ta ciki."

"In igiya ta maƙale a dutse ta tsinke fa?"

"Shi ke nan, an yi asarar komai. Sinka da ƙugiya tare suke tafiya."

Maitama ya fita ya rufe ƙofar. Abu ɗaya ya tsaya masa a rai: mutumin da ya tayar da gardama har aka ce za a sake awo, me zai kai shi sace kifin da ake son sake aunawa? Amma wannan tunani ne kawai, kuma rabin sunan da ya fito daga bakin dattijo ya fi tunani nauyi a gaban alƙali.

Injiniya Dung bai jira a kira shi ba. Shi ma ɗan Jos ne, ƙosasshen mutum mai furfura kaɗan, zakaran gasar shekara uku a jere. Ya kama hannun Maitama da hannu biyu.

"Sufeto, abin kunya ne wannan. Yaro ne, zuciya ce ta ɗebe shi. Ni zan ɗaukar masa lawyer, ko nawa ne. Ba a bar mu mun kashe maganar a cikin gida ba?"

"Kan da aka fasa ba a cikin gida yake ba, Injiniya, yana asibiti. Ina kake lokacin abinci?"

"Wajen motata, ina sa fim a kyamara. Ka san za a ɗauke ni hoto da kofi."

"Zan iya ganin akwatin kayan kamun kifinka?"

"Haba, me zai hana."

Akwatin a shirye yake tsaf, irin na injiniyoyi, kowane abu da gurbinsa. Maitama ya ɗaga wata sabuwar leda ta sinka masu kama da ƙwai. Guda biyu ne suka rage a ciki.

"Sabuwa ce, amma ta kusa ƙarewa."

"Duwatsun wurin nan ba su da kirki. Igiyata ta yi ta tsinkewa tun safe."

Maitama ya gyaɗa kai, ya ɗauki kwalin ƙugiyoyi da ke gefe. Shi ma sabo ne. Ƙugiyoyin suna jere a cikinsa, gurbi ɗaya tak ne babu komai. Ya mayar da shi cikin akwatin.

"Kada kowa ya bar wurin nan," ya ce da Alexander. "Har da Injiniya. Zan je asibiti."

A hanya ya yi ta dukan sitiyari da tafin hannu. Ya san Dung ya yi ƙarya, amma ƙaryar sinka ba laifi ba ce a dokar Maryland. Ba kifi, ba shaida, mai shaidar kuma yana kwance bai san duniya ba. In rana ta faɗi a haka, dole a rubuta sunan Dalyop a takardar tuhuma, daga nan kuma babu gyara.

A asibiti likita ya ce Malam Auwalu zai tashi, amma ba yau ba, wataƙila ma ba gobe ba. Maitama ya sami matarsa, Hajiya Sailuba, zaune a baranda da carbi, ledar kayan mijinta a kan cinya. Ya durƙusa ya gaishe ta.

"Hajiya, ya mai jiki? Allah ya ba shi lafiya."

"Amin, Sufeto. Na sha gaya masa ya bar wa yara harkar kifin nan. Ya ce in ba shi ba, wa zai tsaya musu a kan gaskiya."

"Kayansa ne waɗannan? Zan iya dubawa?"

Ta miƙa masa. Hula ce da agogo da tabarau, sai wani abu a naɗe a cikin auduga.

"Wannan nas ta ce a hannunsa suka same shi, ya damƙe, da ƙyar suka ɓamɓare yatsunsa," in ji ta. "Sai ƙarni yake. Ni dai na rasa me ya haɗa Malam da dalma."

Maitama ya warware audugar. Sinka ne mai kama da ƙwai, da yauƙin kifi ya bushe a jikinsa. Ya ɗago kai a hankali.

"Me kika kira shi, Hajiya?"

"Dalma mana. Ba dalma ba ce? Ku ne dai kuka zo nan kuka sauya wa komai suna. Malam kuwa ko mota ba ya yarda a kira masa ita da Turanci."

Maitama ya tsaya kamar an dasa shi. Tun rana yake ta jin sinka, sinka, daga bakin kowa, har shi kansa haka yake faɗa. A duk taron nan na masu digiri ba wanda ya kira abin da sunansa na Hausa. Mutum ɗaya ne bai taɓa sakin sunan ba, shi ne kuma yake kwance a ɗakin nan. Takaicin kansa ya kama shi, ya yi mata godiya ya fita da sauri.

Sai dai har yanzu babu kifi. Dung zai iya cewa dattijo tsintar dalmar ya yi a ƙasa.

La'asar ta yi sakaliya lokacin da ya koma. Kogin ya janye. A nan wajen Potomac yana bin tashin teku ne, ya cika ya koma, abin da mutumin da ya tashi a kan duwatsun Jos yakan manta in hankalinsa ya tashi. Inda ruwa yake malale ɗazu a bayan rumfar awo, yanzu taɓo ne baƙi. Tsuntsayen ruwa sun taru a wuri ɗaya suna ta ihu.

Maitama ya dubi takalminsa na ofis, ya dubi taɓon, ya sake jan tsaki. Ya naɗe ƙafar wando ya shiga.

Kifin yana nan kwance a gefensa, gajere mai ƙaton ciki. Kifin da aka jefa a ruwa mai janyewa ya kamata ya bi ruwan ya tafi. Wannan inda ya faɗa nan ya tsaya. Maitama ya rungumo shi, taɓo har ƙirji, ya dire shi a kan teburin awo. Taro ya matso.

"Kofur, kawo Dalyop. Sista Pauline, ba ni wuƙa. Malam Auwalu ya ce za a tsaga kifin nan kowa ya gani, to za a yi yadda ya ce."

Ya tsaga cikin. Ƙwai ne fal, kifin mace ce. Ya tura yatsu can ciki ya fara zarowa. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa faɗawa kan tebur suna ƙara, irin na cikin ledar Injiniya sak.

Ya ɗaga guda ya nuna wa Pauline. "Me ake kiran wannan?"

"Sinka."

"Da Hausa nake tambaya."

Ta buɗe baki ta rufe. Can daga baya wani tsoho ya ce, "Dalma."

Pauline ta ɗora hannu a ka, ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka.

Maitama ya juya wajen Dung. "Injiniya, ka ce duwatsu sun cinye maka su. Duwatsun da suka cinye leda guda ta dalma suka bar maka ƙugiyoyinka ban taɓa ganinsu ba. Ga kuma wadda aka ɓamɓare daga hannun Malam." Ya sanar da shi haƙƙinsa kamar yadda doka ta ce, cewa yana iya yin shiru har sai ya ga lauya.

Dung bai yi shiru ba. Ya dafa teburin ya fara magana.

"Ban yi niyyar taɓa shi ba. Zan wuce ne ya kira ni. Ya matsa cikin kifin, dalma guda ta faɗo. Ya ce, 'Injiniya, je ka ka janye da bakinka, ni kuma zan rufa maka asiri.' Na ce ya ba ni kifina. Ya riƙe, na fizge, na ture shi. Da na ga jini sai na ɗauki kifin na jefa a ruwa."

"Me ya kai ka tun farko?"

"Tun safe nake kallonsa yana jawo kifi da zaren masara, ni kuma shiru. Mutane suna ta tsokanata wai ɗan ɗakina ya yi mini ritaya. Da na kama wannan, na dube shi na ga bai kai nasa tsawo ba. Sai na shiga bayan mota na ɗura masa."

Alexander ya kwance ankwar daga hannun Dalyop, ya taka zuwa wajen Dung ya ɗaura masa ita tun ba ta huce ba.

Dalyop yana murza wuyan hannunsa. Bai ɗaga murya ba.

"Yaya, kana tsaye aka kira sunana. Kana gani aka sa ni a mota. Har ka ce za ka ɗaukar mini lawyer."

Dung ya kawar da kai gefe.

"Saura abu ɗaya," in ji Maitama. "Malam ya ce a sake awo. Sista, share hawayenki, ki yi yadda yake yi."

Pauline ta tashi. Ta tsoma buhu a ruwa, ta rataye shi shi kaɗai, ta murɗa allurar ta koma kan sifili. Aka sa kifin Dalyop, shaidu biyu suka leƙa. Laba ashirin da biyu, yadda dattijon ya faɗa. Sikelin lafiyarsa ƙalau, Dalyop ya sunkuyar da kai.

Aka sa na Dung, da ƙwansa da komai nasa, dalmar kawai aka bari a kan tebur. Allurar ta yi rawa ta tsaya. Shaidun suka leƙa, suka dubi juna, suka sake leƙawa.

"Ashirin da biyu da rabi," in ji Pauline, da ƙyar ake jinta.

Maitama ya dubi taɓon da ke jikin rigarsa, ya tuna dattijon da ke kwance a asibiti da matarsa a baranda, ya ji wani baƙin ciki da ya fi na ɗazu.

"Da ka bar shi yadda ka kamo shi, Injiniya, da kofin naka ne."

Alexander ya kama hannun Dung ya nufi motar sintiri da shi. Dalyop ya bi su da ido, yana jira ko zai waiwayo ya ce masa wani abu. A bakin ƙofar motar Dung ya waiwayo, amma ba Dalyop ya duba ba. Allurar sikelin yake kallo, har aka danna kansa cikin mota.